Zubar Launi a Wanki: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon daga Zariya da kewayenta suke, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi: zani ya zuba, farar riga ta ɓaci, an sa bilic abin ya ƙara lalacewa. Kafin mu shiga amsoshi, ga ma'aunin da za mu riƙa ambata. Cokali na nufin cokalin cin abinci, wajen mililita 15. Ƙaramin bokitin fenti lita 4 ne, ledar fiya wata kuma rabin lita.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na jiƙa fararen kaya da daddare don in wanke da safe, ashe jan ɗankwalin sabuwar atamfa ya shige ciki ban lura ba. Da gari ya waye farar shaddar maigidana da singiletin yara duk sun koma ruwan hoda. Na wanke da omo har sau biyu bai fita ba. Yaya zan yi?
Daga wata uwargida, Tudun Wada

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. In har kayan ba su bushe ba tukuna, kada ki shanya su, guga kuwa kada ma ta kusance su. Rinin da ya baro wani zani ya sauka a kan wani bai gama kama zare ba, mannewa kawai ya yi. Bushewa da zafin dutsen guga su ne ke tura shi can cikin zaren, daga nan kuma fitarsa sai an sha wuya. In ba za ki samu damar yin aikin nan take ba, ki bar kayan cikin ruwan sanyi mai tsabta, kina canja ruwan.

Ki fara da abu mafi sauƙi. Ki raba singiletin da shaddar, domin ba zafi ɗaya suke jurewa ba. Singiletin auduga ki wanke su a ruwa mai zafi sosai da omo: kofi ɗaya na tafasasshen ruwa kan kofi ɗaya na ruwan sanyi zai ba ki zafin da ya kai wajen digiri 60. Shaddar kuwa ruwa mai ɗumi ya ishe ta, wato kaso ɗaya na tafasasshe kan kaso huɗu na sanyi, wajen digiri 40 ke nan. Ruwan ya yi yawa, kayan su riƙa yawo a ciki. Da zarar kin ga ruwan ya canja launi ki zubar ki sake sabo, domin rinin da ya fita in ya daɗe a bokiti komawa yake yi.

In wannan bai yi ba, sai ki nemi hodar cire tabo mai aiki da iskar oksijin, irin su Vanish, ko duk wadda aka rubuta sodium percarbonate a jikin robarta. Cokali 2 a lita 4 na ruwa mai ɗumi. Ki narkar da hodar tas kafin ki sa kaya, ki tabbata ruwan ya sha kansu, ki ɗora faranti a sama ya danne su, don duk inda ya leƙo waje zai fito da zobe. Fararen kaya za su iya kai awa 6 a ciki, masu launi kada su wuce awa 1. Bayan awa 6 ƙarfin haɗin ya ƙare, barinsu har gobe ba ya ƙara komai. A ruwan sanyi wannan hoda ba ta aiki sosai, kuma shi ya sa mutane da yawa ke cewa ba ta da amfani. In launin ya ragu amma bai tafi duka ba, ki maimaita da sabon haɗi. Sau biyu ko uku ba laifi ba ne.

Sai bayan wannan ake zuwa ga bilic, irin su Hypo da Jik, kuma ga farar auduga zalla kaɗai. Yawancin na kasuwarmu ƙarfinsu kashi 3.5 ne cikin 100, ki duba jikin kwalba. Cokali 4 a lita 5 na ruwan sanyi, a gauraya kafin a sa kaya, minti 5 zuwa 10 kina juyawa, kada ya haura 15. Sannan ɗauraya sau uku. Wanda ya tsiyaya bilic kai tsaye a kan riga, ko ya bar ta ta kwana a ciki, zai ga ta yi fari ƙal, amma zaren ya ruɓe, wanki biyu uku sai ta fara yagewa a kafaɗa da aljihu. In shaddar tana da aiki mai launi a wuya ko a hannu, ki bar batun bilic gaba ɗaya.

Akwai mataki na ƙarshe, wanda marina suka fi kowa saninsa: farar hodar nan da suke kira haidiro, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan rini. Cokali 2 na haidiro da cokali 2 na hodar soda ash a lita 10 na ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70, a sa jiƙaƙƙen kaya ana juyawa da sanda minti 10 zuwa 20, a ɗauraye, a sake wankewa da omo. Tana cire launukan da bilic ya kasa, kuma ba ta cin auduga kamar yadda yake ci. Sai dai tana da wari mai shaƙe numfashi, don haka a tsakar gida ake yi, ba a banɗaki ba, da safar hannu, yara kuma su yi nesa. Mai asma kada ya yi wannan aiki. Kada a yi haɗin a tukunyar dalma, soda na cin ta. Bokitin roba mai kauri ya fi. Ragowar hodar a rufe ta ruf a wuri busasshe, domin in danshi ya taɓa ta tana ɗaukar zafi da kanta, har takan iya kamawa da wuta.

Wata gaskiya da ya kamata ki sani tun yanzu: ko launin ya fita, shaddar ba za ta fito da sheƙinta na da ba. Wannan ƙyalli na shadda daga matsa da gogewar da aka yi mata a masana'anta yake, jiƙo mai tsawo da ruwan zafi suna kashe shi. Bayan ta yi fari ki ba ta sitaci, ki kai wa masu bugu, za su dawo mata da kaso mai yawa.

Tambaya: Bikina ya kusa, an kawo lefe da atamfofi da shaddoji masu launi. Gwaggona ta ce in jiƙa kowanne a ruwan gishiri ya kwana kafin a kai ɗinki, wai ba zai taɓa zuba ba. Wata ƙawata kuma ta ce ruwan kal ya fi. Wanne zan bi?
Daga wata amarya, Gyallesu

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya, ya ba da zaman lafiya. Maganar Gwaggo tana da tushe, sai dai an ɗauko ta daga inda take aiki an kai ta inda ba ta yi. A masana'anta da wajen marina ana zuba gishiri mai yawa a cikin ruwan rini, don ya kora launin daga ruwa zuwa jikin auduga. Amma abin da ke ɗaure launin da zare shi ne soda da zafi, a lokacin rinin. Zanin da aka gama rinawa aka naɗe aka kawo kasuwa, gishiri ba ya ƙara masa komai mai ɗorewa. Zai iya rage fitar launi a cikin wannan bokitin kaɗai, wanki na gaba sai a koma gidan jiya. Ruwan kal kuma ga ulu da siliki da nailan yake taimakawa, shi ma a lokacin rini. Atamfa da shadda auduga ne. Abin da ya fi damunmu a shawarar shi ne kwanan: jiƙo mai tsawo shi ne babban abin da ke sa zani ya zuba a kan kansa, ja ya hau kan fari a cikin zanen atamfa ɗaya.

Zuba iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu zai hutar da ke. Ta farko ragowar rini ce. An rina zanin da launi mai kyau wanda ya kama zare, amma ba a wanke rarar da ta saura a sama ba. Irin wannan yakan zuba a wanki na ɗaya da na biyu, wani lokaci na uku, sai ya tsaya, kuma zanin ba ya koɗewa. Maganinsa wanki ne kawai. Ta biyu ita ce ta rini mai arha wanda tun asali bai ɗaure da zare ba. Wannan duk wankin duniya sai ya ba da launi, zanin kuma yana koɗewa a hankali. Ba gishiri ba kal da zai tsayar da shi. Ko dai a riƙa wanke shi shi kaɗai muddin ransa, ko a nemi ruwan ɗaure launi da masu kayan rini ke kira fiksa. Yawanci ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne ga kowane yadi, a ruwa mai zafi, minti 20, amma ki bi abin da aka rubuta a jikin wanda kika samu. Ba ya aiki a kan rinin baba ko a kan yadin roba.

Ga gwajin da zai nuna miki halin kowane turmi cikin minti biyu. Ki jiƙa gefen zanin da ruwa mai ɗan omo, ki sa shi tsakanin fararen ƙyallaye biyu, ki danna dutsen guga mai zafi a kai kamar daƙiƙa 10. In farin ƙyallen ya fito tas, zanin lafiya lau. In ya ɗauki launi, ki ware shi. Ki gwada kowane launi daban, musamman ja da baƙi da shuɗi mai duhu da ruwan goro.

Waɗanda suka faɗi gwajin, ki wanke su ɗaya-ɗaya a ruwan sanyi mai yawa da omo kaɗan, minti 5 zuwa 10, ki ɗauraye har ruwa ya fito fari, ki shanya a inuwa a buɗe, ba a ninke ba. Wannan ya zama dole ga duk zanin da tela zai haɗa da farin leshi ko farin shafi, domin in an riga an ɗinke su tare babu sauran hanyar raba su a bokiti. Shadda mai tsada da ba za a haɗa ta da komai ba, ki bar ta da sheƙinta a ɗinka, ki dai san cewa ita kaɗai za a riƙa wankewa.

Tambaya: Ina da farar babbar riga mai aikin hannu, aska takwas, da koren zare. An wanke ta sau ɗaya, sai ga kore-kore ya zagaye aikin kamar inuwa. Rigar tana da daraja a wurina. Akwai gyara?
Daga wani dattijo, Kwarbai, cikin Birni

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, akwai fata. Rigar da maɗinki ya shafe watanni yana zuba mata allura ta cancanci a bi ta a hankali, kuma a garin da aka san shi da wannan sana'a kamar Zariya abin takaici ne a ga wanki ɗaya ya ɓata ta.

Zaren aiki mai ƙyalli na yanzu yawanci ko dai na reyon ne, wato zare mai kama da siliki da ake sarrafawa daga itace, ko na roba. Na roba ba kasafai yake zuba ba, na reyon mai arha kuwa yana yi. Abin lura shi ne yawancin ɓarnar ba a cikin bokiti take faruwa ba, a kan igiya take faruwa. Wurin aiki yana da kauri, yana riƙe ruwa. Yadin da ke kewaye da shi ya fi saurin bushewa, sai ya riƙa tsotso ruwan daga aikin, ruwan kuma ya taho da launi ya ajiye shi a inda ya ƙafe. Inuwar da ka gani ke nan.

A shimfiɗa wurin aikin a kife a kan bakin babban baho, a riƙa kwarara ruwan sanyi ta bayansa har sai ruwan ya daina nuna kore. Kada a jiƙa, kada a murza. Sannan a shimfiɗa rigar a kan farin tawul, a naɗe su tare, a taka da ƙafa don tawul ya shanye ruwan, a canja busasshe a maimaita. A baza ta a kwance ƙarƙashin fanka, ko a inuwa inda iska ke kaɗawa, yadda za ta bushe da wuri. Sau da yawa wannan kaɗai yakan ɗauke inuwar in ba a goge rigar ba.

In ta saura, a sayo haidirojin ta kemis, wadda ake wanke ciwo da ita. A sa farin ƙyalle a ƙarƙashi, a ɗiga ta da auduga mai tsinke a kan farin yadin kaɗai, ana kauce wa zaren, a bar ta minti 15 zuwa 20, a ɗauraye da ruwan sanyi, a sake busarwa da tawul. A fara gwadawa a wani lungu na aikin ta ciki. Bilic da haidiron marina kuwa ba su da wuri a nan, za su cinye koren zaren kansa, garin neman gira a rasa ido.

Ga maɗinka kuma muna da roƙo: kafin a fara aiki a kan farin yadi, a yanki ɗan zare a jefa a farin kofi mai ruwan zafi. In ruwan ya rine, a wanke zaren tukuna ko a canja shi. Hula mai launuka da yawa ita ma haka take, kada a bar ta ta jima a ruwa.

Tambaya: Sabon wandon jins ɗina yana shafa shuɗi a farin takalmina da kujera, har da hannuna. Na wanke sau uku bai daina ba. Jabu aka sayar mini?
Daga wani ɗalibi, Samaru

Amsa: Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Da baba ake rina jins, launin nan da ake rini da shi a karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, sai dai na masana'anta haɗin sinadarai ne. Baba ba ya narkewa a ruwa. Sai an sarrafa shi, da toka da kanwa a gargajiyance ko da soda da haidiro a zamanance, sannan ya shiga zare yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi ya maƙale. Ba ɗaurewa yake yi da zare ba, zama yake yi a kansa da tsakaninsa, don haka gogayya ke ɗebe shi. Shi ya sa rawani ɗan Kura ke barin shuni a goshin mai shi, kuma masu shi ba sa ɗaukar wannan aibi.

Ka juya wandon ciki waje, ka wanke shi shi kaɗai a ruwan sanyi da omo kaɗan, ka ɗauraye da yawa. Kowane wanki yana rage rarar. Kafin ya lafa, ka naɗe ƙafar wandon kada ta taɓa takalmi. Shuɗin da ya hau kan farin yadi yakan fita da omo da buroshi mai laushi, tunda a sama yake. A kan takalmin roba ko kujerar leda ka goga sifirit kaɗan da auduga, bayan ka gwada a ɓoyayyen wuri.

Tambaya: Sana'ata wanki da guga. Wani lokaci in na sa fararen kaya a bilic, maimakon su yi fari sai su yi rawaya, wasu ma su fito da tabo ruwan ƙasa wanda babu shi da. Masu kaya suna ganin laifina. Me ke jawo haka?
Daga wani mai wanki, Sabon Gari

Amsa: Malam, sannu da aiki. Abubuwa uku ne suka fi jawo wannan, kuma kowanne da alamarsa.

In rigar gaba ɗaya ta yi rawaya bai ɗaya, matsalar yadin ce. Bilic yana ƙona nailan da siliki da ulu da duk yadi mai talewa, irin na singileti masu roba da safa da kayan ciki, haka nan wasu yadukan da aka yi musu maganin hana yamutsewa. Wannan rawaya ƙuna ce, ba datti ba, ƙarin bilic ƙara ta yake yi, kuma galibi ba ta gyaruwa. Leshi ya fi kowa shiga wannan hatsari, don sau da yawa haɗin zare biyu ko uku ne. In babu takarda a wuyan riga, ka zare ɗan zare daga cikin kalmasa ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba da nailan narkewa suke yi su dunƙule su yi tauri. Siliki da ulu warin ƙonannen gashi suke yi. Wanda ya bar toka da warin takarda kaɗai za ka sa wa bilic. Ka kuma sani farin nailan ya fi kowane yadi saurin kwasar launin da ke yawo a ruwa, kada ka haɗa shi da komai mai launi ko da minti ɗaya.

In tabon ɗigo-ɗigo ne ruwan tsatsa, ko kayan suna ƙara yin ja-ja a kowane wanki, ka duba ruwanka. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da ƙarfe a narke. Yana fitowa garau, amma da bilic ya taɓa shi sai ƙarfen ya koma tsatsa ya zauna a kan yadi. Ka ɗebi ruwan a farin bokiti ka ɗiga bilic kaɗan. In ya yi rawaya ko ja bayan ɗan lokaci, ka gano ɓarawon. Maganinsa ka tara ruwa a buɗaɗɗen duro ya kwana ɗaya ko biyu, ka kwashi na sama ka bar na gindi. Tabon da ya riga ya hau kuma, ka ɗauraye bilic ɗin tas tukuna, sannan ka matsa lemun tsami, ka barbaɗa gishiri, ka sa a rana rabin awa, ka ɗauraye. Tsohuwar igiyar shanya ta ƙarfe da maɓallin ƙarfe su ma suna ba da irin wannan tabo.

Na uku ba kowa ya san shi ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu sinadarin kulohezidin, irin su Savlon, in sun taɓa yadi ba sa nuna komai. Ranar da bilic ya hau wurin sai ya fito da tabo ruwan ƙasa, wanda da wuya ya sake fita. Ana yawan ganinsa a kayan jarirai da na masu jego da fararen kayan ma'aikatan jinya. Irin waɗannan kaya ka tambayi mai su, in kuwa kana shakka ka yi amfani da hodar oksijin a maimakon bilic.

Tunda sana'arka ce, ka riƙe wannan da kyau: bilic ba ya haɗuwa da ruwan kal, ko lemun tsami, ko ruwan wanke masai. Haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, a rufaffen ɗaki tana iya kai mutum asibiti.

Tambaya: Yarana kullum sai sun dawo da tabon zoɓo ko miya a kayan makaranta. Ni kuma lalle da dayis sun ɓata mini zanin gado. Duk hanya ɗaya ake bi?
Daga wata mahaifiya, Ƙofar Doka

Amsa: A'a, Hajiya, kowanne da halinsa. Zoɓo in ya haɗu da sabulu yakan koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, sai uwa ta tsorata. Launinsa ne ke canjawa da kanwa-kanwar sabulu. Ki fara kwarara ruwan sanyi ta bayan tabon, ki ɗiga lemun tsami, ki ɗauraye, sannan ki wanke. In ya bushe, hodar oksijin na ɗauke shi. Miyar manja da mai kurkum ko kori, mai ne ke riƙe da launin, don haka ki fara shafa sabulun ruwa na wanke-wanke a busasshen yadi, ki bar shi minti 10, ki wanke da ruwa mai ɗumi. Kurkum zai yi ja in ya ji sabulu, kada ki damu. Ragowar rawayar ki bar wa rana: launin manja da na kurkum duka ba sa jure hasken rana, yini ɗaya a kan igiya yakan share su. Goro kuwa yana ƙara duhu in ya sha iska, a wanke shi da wuri da omo, ba sabulun sanda ba.

Lalle in ya faɗi a yadi kada ki goge shi yana ɗanye, shafa shi za ki yi. Ki ɗauke shi da bakin cokali, ki kwarara ruwa ta baya, ki jiƙa a hodar oksijin. Dayis ya fi tsanani, domin launinsa yana haɗuwa ne bayan an kwaɓa shi, cikin mintuna. In kin kama shi nan take da ruwan sanyi da sabulun wanke-wanke, yawancinsa zai fita. In ya yi baƙi ya bushe, farar auduga kaɗai ke da sauran fata da bilic. Ranar ƙunshi ki shimfiɗa tsohon zani, ki sa wa matashi tsohuwar riga.

Tambaya: Ina sa bula a fararen kaya, amma takan bar ɗigo-ɗigon shuɗi.
Daga wata malama, Tudun Jukun

Amsa: Malama, bula ta gari ba narkewa take yi ba, yawo take yi a ruwa, in an bar ta sai ta kwanta. Ki dama rabin ƙaramin cokalin shayi a kofi, ki tace ta da ƙyalle cikin lita 10 na ruwa, ki juya. Ki tsoma kaya ɗaya-ɗaya a warware, ki ciro nan take, kina sake juya ruwan kafin na gaba. Ɗigon da ya riga ya hau, tsami ke kashe shi: gwangwanin madara ɗaya na ruwan kal a lita 4, jiƙon rabin awa, bayan kin tabbata babu sauran bilic a kayan.

Tambaya: Da damina kayana sun fi zuba a kan juna, alhali yadda nake wanki bai canja ba.
Daga wata 'yar'uwa, Wusasa

Amsa: Wankin bai canja ba, bushewar ce ta canja. Da hunturu kaya kan bushe cikin awa ɗaya ko biyu. A watan Agusta kuwa sukan yini da danshi, hadari ya taso a kwashe su a jibge a kan kujera, ja a jikin fari. Jiƙaƙƙen kaya masu launi in suka manne da juna, rabin awa ya isa launi ya tsallaka. Ki tanadi baho biyu na kwashe shanya, fari daban masu launi daban, haka ma a lokacin wanki kada matsattsun kaya su taru a baho ɗaya suna jiran ɗauraya. A kan igiya masu duhu su kasance a ƙasa ko a gefe, kada su ɗiga a kan farare. Riga mai launi biyu ki matse ta sosai a tawul, ki rataye ta yadda ɓangaren mai duhu zai kalli ƙasa. In da injin wanki kike yi, ki kwashe kaya da zarar ya tsaya, ko da wuta ce ta ɗauke a tsakiyar aiki.

Tambaya: Bilic ya fantsama a kan baƙar doguwar rigata, wurin ya koma ja-ja. Me zan sa ya fita?
Daga wata ɗaliba, Kongo

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba tabo ba ne da za a cire, launin wurin ne ya mutu, sai dai a mayar da wani. Ki fara ɗauraye wurin sosai don bilic ɗin ya daina cin zare. In ɗigon ƙarami ne, alƙalamin rubutu a kan yadi mai baƙin launi zai rufe shi, kina sabuntawa bayan 'yan wankuna. In babba ne kuma rigar auduga ce ko reyon, ki kai wa marina. Ki gaya musu bilic ne, domin in aka tsoma ta haka nan wurin zai iya fitowa da ɗan haske. Ƙwararre yakan fara shafa wa wurin launi, ko ya sauke launin rigar duka da haidiro kafin ya rina. Rini kullum zuwa duhu yake tafiya, baƙar riga baƙa za ta dawo. Zaren ɗinki na roba ba ya shan rinin auduga, amma tunda naki baƙi ne tun asali ba zai nuna ba. In rigar ta roba ce zalla, rinin bokiti ba zai kama ta ba, don irin wannan yadi a masana'anta ake rina shi a zafin da ya kai digiri 130. A nan tela ne zai taimake ki, ya ɗora aiki ko duwatsu a wurin. Wadda aka sake rinawa kuma ki wanke ta ita kaɗai a ruwan sanyi sau uku na farko.